Gefen Titi: Inuwa a Ƙasa, Lantarki a Sama

Shekara 17 ke nan ina zaune a Yamai, ina kai-komo da kaya tsakaninta da Kano. Duk wanda ya saba bin hanyar Dosso, Dogondutsi, Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi ya san yadda take: kwalta a tsakiya, hagu da dama fili fetal, rana kuwa kamar ta tsaga kan mutum. Can kusa da Ƙonni yayata take da rumfar abinci a bakin titi. Tun rasuwar mijinta, wanda direban tirela ne, da wannan rumfa take riƙe da 'ya'ya biyar.

A watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulki, na yada zango a wurinta. Ƙanƙara ta yi tsada, ɗan abin da ta samo kuma kafin azahar ya zama ruwa. Direbobi su tsaya, su taɓa ruwan leda, su ji ɗumi, su yi gaba. Ta dube ni ta ce, "Alhaji, kai da kake yawon duniya, wannan ranar da ke narkar min da jari, babu yadda za a yi ta biya ni?"

Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta tsaya min a rai. Da na je sayayya Guwangzu, na ba wani ɗan China da nake sayen farantan sola a wurinsa labarin. Sai ya zaro waya ya nuna min hotunan wata hanya a ƙasarsu.

Sunanta hanyar Tarim, a yankin Shinjiyang. An buɗe ta a 1995, tsawonta kilomita 522, ta ratsa hamadar Taklamakan, inda yashi ke tafiya kamar ruwa. Don kada rairayi ya binne kwaltar, sai aka dasa itatuwa masu jure fari a gefenta, tsawon kilomita 436. Itace kuwa sai da ruwa, saboda haka aka haƙa rijiyoyi sama da 100 a jere, kowace da ɗan ɗakin masu tsaro, galibi miji da mata. Shekara da shekaru da janareto ake jan ruwan. A 2022 aka sa wa rijiyoyi 86 farantan sola da batura, aka huta da ƙona kusan tan 1,000 na man dizal a kowace shekara. Masu tsaron ma suka samu wutar dare da rana ba tare da ƙarar inji ba.

Abin da na lura da shi shi ne, ba a kai wutar wani gari mai nisa ba. A nan gefen titin aka same ta, a nan ta yi aiki.

Da na ci gaba da bincike, sai na ga ashe dabarar ta daɗe. Tun 1989 Suwizalan ta manna farantan sola a jikin katangar tare ƙarar motoci, a babbar hanyar da ke kusa da garin Kur. A Koriya ta Kudu, tsakanin biranen Daejon da Sejong, hanyar keke aka yi a tsakiyar babban titi, aka yi mata rufi da farantan: mai keke yana cikin inuwa, wuta tana samuwa a bisa kansa. Jamus kuma tun 2023 ta sauƙaƙa izinin kafa sola a filin da bai wuce mita 200 daga babbar hanya ba. Dalilinsu a fili yake: mota tana isa wurin cikin sauƙi, kuma fili ne da hayaniya ta riga ta hana a gina gida a kai.

Amma ba kowace dabara ce ta yi albarka ba. A 2016 Faransa ta shimfiɗa farantan a kan kwaltar kanta, tsawon kilomita ɗaya a yankin Normandi, a kan kuɗi kusan yuro miliyan 5. Manyan motoci suka farfasa su, datti ya rufe su, wutar ta kasa kai abin da aka yi tsammani, a ƙarshe aka kwashe. Wato faranti gefe yake so ko sama, ba ƙarƙashin taya ba.

To mu fa? Rana dai ba mu roƙi kowa ba. Nijar tana da tashar sola mai megawat 7 a Malbaza tun 2018, da ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023. Ba abin mamaki ba ne gobe wani kamfani ya zo ya ce a ba shi gefen titi.

A nan ne nake son 'yan'uwa mu buɗe ido. A Turai gefen hanya ciyawa ce kawai. A wurinmu kuwa kasuwa ce. Nan mai albasa yake kasa buhunansa a Galmi, nan mai faci, mai shayi, mai tsire da mai kilishi suke, nan makiyayi yake kora garkensa. Yawancinmu kuma baƙi ne, ba mu da takardar fili ko ɗaya. Yayata ta taɓa ɗanɗana wannan: da aka zo gyaran titi, wa'adin 'yan kwanaki aka ba su, aka rushe rumfuna, ba ko sisi. Idan aka zagaye gefen hanya da waya aka jera sola ba da mu ba, za mu ga wuta ta wuce ta kanmu, mu kuma an kore mu daga inda muke cin abinci.

Shawarata ita ce kada mu jira. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi su rubuta sunayen masu sana'a a kowane zango, su je wurin magajin gari da sarkin gari tun kafin wani ya riga su. Abin da za a nema bai da yawa: a ɗaga farantan sama su zama rufin rumfuna, a ja su nesa da kwalta saboda haɗari, a bar burtalin dabbobi, kuma wutar ta fara biyan bukatar wurin, wato firji, famfon rijiya, cajin waya da fitilar dare. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti ƙwarai, dole a riƙa gogewa, dole a yi gadi saboda ɓarayi. Wannan aiki ne na samarinmu da ke zaman kashe wando a tasha.

Ni dai na fara da abin da zan iya. Na kai wa Yaya faranti huɗu, batir da ƙaramin firji, maƙwabtanta uku suka kawo nasu kuɗin aka haɗa. Kowace asuba babban ɗanta yake hawa ya goge ƙura kafin ya tafi makaranta. Wata rana iska ta taɓa fizge faranti ɗaya, sai da muka sake ƙarfen da ya riƙe shi, batirin ma mun san wata rana zai nemi canji, don haka suna ajiye wani abu a asusu duk mako.

Zuwana na ƙarshe na tarar da tireloli uku a tsaye a ƙofar rumfar. Ta miƙo min ruwa mai sanyi, na sa hannu a aljihu, ta harare ni ta ce, "Mayar da kuɗinka, Alhaji. Amma in za ka dawo, ka taho min da fanka."