Mai Taimaka wa Likitan Haƙori: Aikin da Ke Bukatar Aminci

A yau za mu yi magana a kan wani aiki da yawancinmu ba mu san da shi ba sai ranar da haƙori ya hana mu barci, wato aikin mai taimaka wa likitan haƙori. Iyaye da matasan da suka gama sakandare suna neman abin yi, wannan magana taku ce.

Idan ka taɓa zama a kujerar likitan haƙori, ka ga wani mutum a ɗaya gefenka. Shi ke miƙa wa likita kayan aiki, shi ke riƙe da bututun da ke tsotse miyau da jini daga bakinka, shi ke gyara fitila domin haske ya faɗa daidai inda ake aiki. Hannun likita biyu ne kawai, bakin mutum kuwa wuri ne ƙarami mai duhu, kullum a jiƙe. Don haka ake bukatar hannu huɗu. Mai taimako ne ke kwaɓa maganin da za a cike ramin haƙori da shi, kuma dole ya yi sauri, gama wasu magungunan suna daskarewa cikin 'yan mintoci. Yana taimakawa wajen ɗaukar hoton haƙori, yana rubuta bayanin marar lafiya, yana kuma rarrashin yaron da ya ga allura ya fashe da kuka.

Aikin ya daɗe. A shekarar 1885 wani likitan haƙori mai suna Edmund Kells a birnin New Orleans na Amurka ya sa matarsa ta riƙa taimaka masa, daga baya ya ɗauki wata yarinya aiki. A lokacin mata suna jin nauyin zuwa wurin likita namiji su kaɗai. Da suka ji akwai mace a ɗakin, sai suka fara zuwa. Tun farko ke nan, aikin nan yana tafiya tare da amincewar mutane.

Amma sashen da ya fi kowane nauyi shi ne wanda marar lafiya ba ya gani. Bayan an cire haƙori, duk ƙarfen da ya shiga bakin mutum ya taɓa jini. Ciwon hanta nau'in B da cutar ƙanjamau suna bi ta jini, ƙwayar ciwon hanta kuwa tana iya kwana bakwai da rai a kan ƙarfe ko da jinin ya bushe. Saboda haka mai taimako zai wanke kowane ƙarfe tas, ya saka shi cikin tukunya ta musamman mai turara kaya da tururi mai zafin digiri 121, har minti 15 ko fiye. Zai jefa allurar da aka yi aiki da ita cikin akwatin da aka keɓe, ya sauya safar hannu, ya goge kujera kafin wani ya zauna. Idan layi ya yi tsawo, wuta ta ɗauke, kowa yana gaggawa, da sauƙi a ɗauraye ƙarfe da ruwa kawai a mayar da shi kan tire. Likita ba zai gane da ido ba. Marar lafiya ma ba zai sani ba sai bayan shekaru, sa'ad da hanta ta lalace. A nan ne ake sanin ma'aikacin kirki.

Wannan ne bambancin asibiti da mai cire haƙori a kasuwa, wanda ke bin mutum goma da filaya ɗaya. Kuɗinsa kaɗan ne, amma abin da ake kwasowa a wurinsa yakan fi ciwon haƙorin tsada.

Mai taimako kuma malami ne. Shi ke gaya wa wanda aka cire wa haƙori ya ciji auduga kamar rabin sa'a, kada ya kurkure baki a ranar, washegari ya fara kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi mai gishiri. Shi ke bayyana wa uwa cewa yaro yana da haƙoran nono 20, babba yana da 32, kuma haƙorin taunan da ke fitowa can ciki wajen shekara shida na dindindin ne, idan ya ruɓe ba wani a bayansa. Shi ke tuna wa mutane cewa alewa da lemon kwalba ne abincin ƙwayoyin da ke huda haƙori, su riƙa goge baki safe da dare. Yana iya zama na farko da zai lura da gyambo a dasashin yaro mai fama da yunwa. Irin wannan gyambo kan zama cutar da likitoci ke kira noma, mai cinye kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Idan an gano ta da wuri, magani da abinci mai kyau suna tsayar da ita.

To, yaya ake shiga? A Nijeriya ana neman sakamakon sakandare mai kyau a Turanci, lissafi da darussan kimiyya. An daɗe ana koyar da ayyukan kula da haƙora a makarantar gwamnatin tarayya da ke Enugu, haka kuma a wasu kwalejojin koyon aikin lafiya na jihohi, kamar ta Shehu Idris da ke Maƙarfi a Jihar Kaduna. Akwai hukumar da aka kafa a 1993 mai yi wa irin waɗannan ma'aikata rajista. Kafin ku biya kuɗin makaranta, iyaye, ku tabbata hukumar ta amince da ita, domin kada yaro ya gama karatu a ce takardarsa ba ta da amfani. Ɗalibi kuma ya karɓi allurar rigakafin ciwon hanta, sau uku ake yi, kafin ya fara taɓa marasa lafiya.

Kada mu ɓoye wahalar. Akwai doguwar tsayuwa da sunkuyo har baya ya yi ciwo. Akwai warin baki, da jini, da mutanen da zafi ya sa suke faɗa. Albashin farko ba shi da yawa. Kuma aikin yana da iyaka: mai taimako ba likita ba ne. Idan maƙwabci ya zo gida da dare ya ce, "Ɗana, ai kai ma ka iya, cire mini kawai," sai a ba shi haƙuri a kai shi asibiti. Wanda ya riƙe aikin da kyau yana iya ƙara karatu ya hau gaba.

Kai saurayi, ke budurwa, idan jini ba ya tsorata ku, kuna da haƙuri da mutane, kuma za ku wanke ƙarfen nan yadda ya kamata ko babu mai kallonku, to, ku je asibitin haƙori mafi kusa ku roƙi izinin ganin yadda ake aiki na yini ɗaya kafin ku yanke shawara.

Sai mun sake saduwa. Ku huta lafiya.