Taku 10,000 ko 7,000? Abin da agogo ke ƙirga wa dattawan Panshekara

Tun kafin ƙarfe bakwai na safe titin Panshekara yake cika da ma'aikata masu nufar kamfanonin Challawa da Sharada, wasu a ƙafa, wasu a keke, wasu a cikin A Daidaita Sahu. A ƙofar gidaje kuwa, kan benci ko tabarma, akwai dattawan da suka yi shekara da shekaru suna bin wannan hanya zuwa kamfanonin fata da masaƙu. A lokacinsu ba wanda ya damu da ƙirga taku, aikin ne ke motsa jiki. Yau da ritaya ta zo, ko kamfanin ya rufe, yinin da yawa daga cikinsu bai wuce tsakanin tabarma da masallaci ba. A irin wannan zama ne hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa suke samun wurin shimfiɗa tabarmarsu su ma.

Shi ya sa 'ya'ya suka fara saya wa iyaye agogon hannu na zamani, irin na Oraimo ko Xiaomi, ko su saka musu manhajar ƙirga taku a waya. Sai dai da yawan waɗannan na'urori suna zuwa da adadin da aka riga aka saita: taku 10,000 a rana. Dattijo ya yini yana kai-komo, da dare ya duba ya ga 3,000, ya ɗauka ya gaza. Bayan mako biyu agogon ya koma cikin akwati.

Daga ina 10,000 ta fito?

Ba daga asibiti ba. A shekarar 1965, shekara ɗaya bayan gasar Olamfik ta Tokyo, kamfanin Yamasa na ƙasar Japan ya fito da wata 'yar na'urar ƙirga taku mai suna Manpo-kei, ma'ana “ma'aunin taku dubu goma”. Suna ne na talla, mai daɗin faɗi da sauƙin riƙewa. Daga nan adadin ya bi duniya, har ya shigo cikin manhajojin da ke wayoyin Kano.

Da masana suka zo auna gaskiyar lamarin, sai suka sami wani abu dabam. A 2019 Farfesa I-Min Lee ta jami'ar Harvard da ke Amurka ta wallafa binciken da aka yi kan mata 16,741, waɗanda matsakaicin shekarunsu 72 ne. Masu yin taku kusan 4,400 a rana, yawan mace-mace a cikinsu ya yi ƙasa da kimanin kashi 41 cikin 100 idan aka gwada da masu yin 2,700. Amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen taku 7,500, daga nan ya daidaita.

A 2022 mujallar Lancet Public Health ta fitar da wani nazari da ya haɗa bincike 15 kan mutum fiye da 47,000. Ga waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama, amfanin yana kai ƙololuwa ne tsakanin taku 6,000 zuwa 8,000. Matasa ne ke buƙatar 8,000 zuwa 10,000.

Yawancin waɗanda aka yi wa waɗannan bincike mutanen Amurka ne da Turai da Japan da Ostareliya, kuma bibiyar rayuwarsu aka yi, ba gwajin magani ba; marar lafiya dama ba ya yawan tafiya. Duk da haka sakamakon ya tafi a kan hanya ɗaya: riba mafi girma tana wurin wanda ya tashi daga zama ya fara takawa, ba wurin wanda ya ƙara 2,000 a kan 8,000 ba.

Yadda na'urar ke ƙirgawa

A cikin kusan kowace wayar Android ko iPhone akwai wani ɗan ma'aunin motsi da bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda ke jin girgiza ta fuska uku: sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu. Duk sa'ad da ƙafa ta dira, jiki yakan yi ɗan tsalle ya sauka. Manhaja tana neman wannan tashi da sauka mai maimaituwa ne, ta ƙirga kowanne a matsayin taku ɗaya. Tun 2013 Google ya saka tsarin ƙirga taku a cikin Android 4.4, a shekarar kuma Apple ya fito da iPhone 5s mai ɗauke da guntu na musamman don bibiyar motsi. Ƙirgar ba ta buƙatar data, kuma ba ta cin caji sosai.

Amma na'ura ba ta ganin ƙafa, girgiza kawai take ji, kuma a nan kuskure yake shigowa. Dattijo mai tafiya a hankali, ko mai jan ƙafa, girgizarsa ba ta da ƙarfi, don haka wani takun yakan wuce ba a ƙirga ba. Manhajoji da yawa kuma sai sun ga taku da dama a jere kafin su fara lissafi, ke nan zirga-zirgar tsohuwa daga ɗaki zuwa madafi tana iya ɓacewa. Ta ɗaya ɓangaren, agogon hannu yana iya ƙirga daka a turmi, ko wanki, ko jijjigar A Daidaita Sahu a kan hanya mai ramuka, duk a matsayin tafiya. Wayar da aka bari a caji kuwa ba ta san mai ita ya je kasuwa ba.

Saboda haka adadin ya fi amfani wajen gwada jiya da yau a na'ura ɗaya, ba wajen gasa da maƙwabci ba.

Lissafin unguwa

Takun dattijo yakan kai santimita 60 zuwa 70, wato kilomita ɗaya ta kai taku kusan 1,500. Idan masallaci yana nisan mita 200 daga gida, zuwa da dawowa taku 600 ne. Sau biyar a rana ya zama 3,000. A ƙara zuwa kasuwa, ko gaida ɗan'uwa, ko raka jikoki Islamiyya, an doshi 5,000 ba tare da an sa takalmin motsa jiki ba. Ga mai niyyar aikin Hajji, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai kusan kilomita uku ne, ban da ɗawafi da jifa. Ƙafar da ba ta saba a gida ba, a can za ta ba da labari.

Unguwa irin Panshekara tana da nata sharuɗɗa. A bazara zafin Kano yakan haura digiri 40, don haka bayan sallar asuba ko bayan la'asar ne lokacin tafiya. A hunturu ƙura tana tayar wa masu asma ciwo. Babban titi na manyan motocin kamfanoni ne, lungunan cikin unguwa sun fi aminci. Mai ciwon suga kada ya fita ba takalmi mai rufi, kuma ya riƙa duba tafin ƙafarsa. Tsohuwar da ba ta cika fita ba, zagayen tsakar gida na minti goma bayan cin abinci shi ma tafiya ce.

Taku kuma ba shi ke nan ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nemi masu shekara 65 zuwa sama su yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, su haɗa da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku don guje wa faɗuwa. Tashi daga kujera a koma sau goma, ko tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango, ba ya ƙara komai a agogo, amma yana ƙara wa gwiwa ƙarfi.

Ga mai saita wa iyayensa

A wayoyin Android 10 zuwa sama, sai an ba manhaja izinin bibiyar motsin jiki kafin ta ƙirga. Tsarin tattalin batir a wayoyi da dama yana kashe manhajar da ke aiki a bayan fage, don haka a cire ta daga cikin waɗanda ake kashewa. Mai ƙaramar waya ta madannai kuwa, agogo mai arha ya ishe shi, ko ma ya riƙa duba lokaci: tafiyar minti goma cikin ɗan hanzari ta kai taku 1,000.

Sannan a shiga saitin a sauke 10,000 ɗin nan. A bar dattijo ya yi mako guda yadda ya saba, a ga matsakaicinsa, a ɗora 500 a kai. In jiki ya karɓa, bayan mako biyu a sake ƙarawa. Wanda ke jin ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi na sarƙewa in ya taka, ya tsaya ya ga likita tukuna.

Dattijon da agogonsa ya nuna 3,000 bai gaza ba. Abin da ya rage masa gobe shi ne ya bi ta doguwar hanya in zai dawo daga masallaci.