Kyamara tana kallon kanta, fiyanon gida yana ba ta amsa

Duk wanda ya taɓa zama a wajen taron biki ko walima ya san kukan nan da lasifika ke yi idan mai jawabi ya matso da makirufo kusa da ita. Sauti ya fita daga lasifika, ya koma cikin makirufo, a ƙara masa ƙarfi, ya sake fita, haka dai har kowa ya toshe kunne. To, hoto ma yana yin irin wannan kukan. Ka ɗauki kyamara, ka haɗa ta da talabijin, sannan ka juya ta ta kalli allon da ke nuna abin da take ɗauka. Abin da zai fito shi ne nake kira komawar hoto: allo cikin allo cikin allo, kamar rami marar ƙarshe. Ka ɗan karkata kyamarar kaɗan, sai ramin ya fara murɗewa kamar katantanwa.

Abin ba sabo ba ne. Shirin Doctor Who na BBC, da ya fara fitowa a watan Nuwamba na 1963, da wannan dabarar aka yi hotunan buɗe shi. Nam June Paik, ɗan asalin Koriya, da injiniya Shuya Abe na Jafan sun ƙera na'urar sarrafa hoto a gidan talabijin na WGBH a Boston wajen 1970, kuma Steina da Woody Vasulka sun buɗe zauren The Kitchen a birnin New York a 1971, inda irin wannan gwaji ya samu gida. Har masana kimiyya sun shigo ciki: a 1984 James Crutchfield ya wallafa bincike a kan yadda waɗannan siffofi ke sauyawa, yana kallon kyamara da allo a matsayin ƙaramin ɗakin gwaji.

Lissafin abin shi ne ya fi burge ni. A tsarin talabijin na Turai da yawancin Afirka, hoto 25 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. A ce duk zagaye ɗaya hasken ya ragu zuwa kashi 90 cikin 100. Bayan daƙiƙa guda abin da ya rage kusan kashi 7 ne kawai, wato ɗigon haske zai ja jela ya dushe a hankali. Amma in kowane zagaye yana ƙara kashi 10, cikin daƙiƙa guda ya ninka sau goma da ɗoriya, allon ya koma fari fat. Duk kyawun yana a ɗan siririn tsakanin nan, inda hoto bai mutu ba kuma bai fashe ba. Shi ya sa dole a kashe duk wani abin da kyamara ke daidaitawa da kanta, haske ne, launi ne, ko kaifin hoto. In ka bar su a kunne, kyamarar za ta yi ta kokawa da kai.

Yanzu ga fiyanon. Fiyanon lantarki na asali ba irin kibod ɗin nan ba ne da ke kunna sautin da aka adana. Ƙarfe ne na gaske ake bugawa. A samfurin Rhodes, ɗan guduma yana dukan wani siririn tsinken ƙarfe, tsinken yana karkarwa a gaban maganaɗisu da aka naɗe da wayar jan ƙarfe, karkarwar ta haifar da ɗan lantarki, amfilifaya ta ɗaga shi. Shi kansa Harold Rhodes haka ya fara: lokacin yaƙin duniya na biyu ya riƙa haɗa ƙananan fiyano da bututun alminiyon na jiragen yaƙi, domin sojojin da suka ji rauni su koyi kiɗa suna kwance. A Kinshasa kuwa ƙungiyar Konono Nº1 ta yi suna da likembe, ɗan akwatin nan mai harsunan ƙarfe da ake kaɗawa da babban yatsa, wanda suka sa wa lantarki da maganaɗisun da suka tsinto daga tsofaffin motoci. Saboda haka mai son ƙera nasa yana da magabata.

Wanda zai gwada, kada ya ce sai maɓalli 73 kamar na kanti. Takwas sun isa. Wayar ƙarfe mai tauri, katako mai nauyi da zai riƙe ta gam, da abin ɗaukar sauti na tsohuwar gita, shi ke nan. Abin da ke rikita mutane shi ne tsayi. A igiyar gita, in ka raba tsayi biyu sauti ya ninka. A tsinken da aka ɗaure gefe guda ba haka ba ne: tsinke mai santimita 10, in kana son ninkin sautinsa, ka yanke shi zuwa wajen santimita 7, ba 5 ba. Kuma ka yanke da ɗan saura, don abin da aka yanke ba ya dawowa. Rhodes yana sa ɗan sifirin a jikin tsinken, ana matsar da shi gaba ko baya don daidaita murya, dabara ce mai arha da kowa zai iya kwaikwaya.

To me ya haɗa su? Duka biyun bugu ne da dushewa. Ka danna maɓalli, sauti ya fito da ƙarfi kamar ƙararrawa, ya yi ta raguwa. Ka jefa haske cikin zagayen hoto, shi ma haka. In ka daidaita hasken allo har jelar hoton ta ɗauki tsawon lokacin da sautin ke ɗauka kafin ya mutu, ido da kunne sai su yarda cewa abu ɗaya ne ke faruwa. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan ƙwan LED da sautin fiyano ke kunnawa ta hanyar tiransisto guda, a ajiye shi a gefen allon inda kyamara za ta gan shi. Kowane bugu ya zama iri da zagayen zai ninka.

Akwai masu yin duk wannan a kwamfuta, da TouchDesigner ko Hydra, kuma Hydra kyauta ce, a burauza take aiki. Ba na raina su, musamman ga ɗalibin da ɗakinsa bai fi tabarma uku ba. Amma a ganina sakamakon ya cika tsafta. Datti da rashin daidaiton gilashin kyamara su ne ke haifar da siffofin da ba ka yi tsammani ba. Matsalar kayan zamani ita ce jinkiri: na'urar shigar da HDMI cikin kwamfuta takan riƙe hoto na ɗan lokaci, sai zagayen ya yi nauyi, kuma hoton ya riƙa zuwa bayan sauti. Tsohuwar kyamarar kaset da tsohon talabijin mai ƙeya, waya guda tsakaninsu, sun fi saurin amsawa nesa ba kusa ba. A kasuwannin kayan hannu nan Turai kusan kyauta ake bayar da su.

Sai dai talabijin mai ƙeya da maganaɗisun fiyano ba sa ga maciji. Ka ajiye su kusa, za ka ji gurnani da wani siririn fito a lasifika. Ka raba su kamar mita biyu, ka juya fiyanon har ƙarar ta ragu. Kuma don Allah kada wanda ya buɗe bayan irin wannan talabijin. Cikinsa akwai lantarki mai kai wa dubban bolt, yana iya zama a ciki ko bayan an cire shi daga soket.

Gargaɗin da ya fi wannan nauyi na masu kallo ne. Zagayen hoto yakan shiga walƙiya ba zato, fari da baƙi da sauri, kuma wannan na iya tayar da farfaɗiya ga masu larurar. A watan Disamba na 1997, wani kashi na zanen Pokémon ya sa an kai ɗaruruwan yara asibiti a Jafan saboda walƙiyar ja da shuɗi. Ƙa'idar da ake bi a intanet ita ce kada walƙiya ta wuce uku a daƙiƙa ɗaya. Bidiyonmu a waya ake kallonsu, cikin duhu, sau da yawa yara na leƙe ta kafaɗa. Kafin ka ɗora naka, ka bi shi hoto bayan hoto a wuraren da ya yi zafi, ka yanke ko ka rage hasken, sannan ka rubuta gargaɗi a farkon bidiyon da Hausa, ba da Turanci kaɗai ba.