Ƙafa Uku Ko Huɗu? A Tambayi Direban Adaidaita

Duk wanda ya taɓa shiga Adaidaita Sahu a cikin birnin Kano ya riga ya san rabin abin da ya kamata mai sayen keken lantarki na masu lalurar tafiya ya sani, ko da bai taɓa ganin keken da idonsa ba. Direba zai kutsa lungun da tasi ba ta isa ta sa kai ba, ya sauke Hajiya da kayanta a bakin ƙofa, ya murɗa kan mashin ya juya a ɗan filin da ke gaban gidan, ya fita abinsa. Shi ɗin dai, in ya shawo shataletale da gudu, sai ka ji tayar baya guda tana neman barin ƙasa, fasinjoji sun ɗauki salati. Daɗin da fargabar duk daga wuri ɗaya suka fito, wato taya guda ɗaya tak a gaba.

Keken da ake magana a kai ba na turawa ba ne irin na asibiti, ba kuma mai ƙafa ukun nan na ƙarfe ba ne da masu lalurar shan inna suke ƙerawa suna tuƙawa da hannu. Kujera ce mai juyawa, da wurin ajiye ƙafa, da sitiyari irin na babur, sai batir a ƙarƙashin mazauni, galibi guda 2 masu bolt 12 kowanne. Ka danna da yatsa ya tafi, ka saki ya tsaya, domin birkinsa yana kamawa da kansa. An yi shi ne don mutumin da zai iya zama daram ya riƙe sitiyari amma ƙafa ba ta kai shi nesa: dattijo mai ciwon gwiwa, mai ciwon zuciya da yake haki bayan 'yan taku, wanda ciwon suga ya cinye wa ƙarfin sawu. Wani mai aikin famfo a jihar Michigan ta Amurka, Allan Thieme, shi ya ƙera na farko a 1968 saboda wata 'yar uwa da ciwon jijiya ya hana tafiya, kuma mai ƙafa uku ne. Mutanenmu da yawa a Harami suka fara ganin irinsa, inda aka riƙa ba da hayarsa a bene don ɗawafi da Safa da Marwa. Mai ciwon ƙafa da ya gama sa'ayi na fiye da kilomita 3 a zaune, ba mamaki ya dawo gida yana sha'awar mallakar nasa.

To, a nan ake samun matsala. Daɓen Harami sumul yake, ba rami ba yashi. 'Ya'ya sai su haɗa kuɗi, ko wanda yake Turai ya turo hotuna a waya, a zaɓi wanda ya fi ƙyalli, a biya kuɗin jirgi da na kwastan, kaya ya iso, sannan a gano ba ya iya wuce zaure.

Zauren kuwa shi ne babban abin da yake goyon bayan mai ƙafa uku. Ginin gidan Bahaushe da gangan ake karkata ƙofofinsa, ta waje ba ta kallon ta ciki, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Mai shigowa sai ya sha kwana a cikin zaure, wani gidan ma har da soro na biyu, a sake shan wata kwanar. A ƙananan kekunan, mai ƙafa uku yana kewayawa a faɗin da bai kai mita ɗaya ba daga tsakiyar da'irar, mai ƙafa huɗu kuwa sai ya haura mita, manyan ma su ci fiye da haka nesa. A takarda bambancin ba shi da yawa. A zaure, tsakanin bango da babur ɗin yaro da buhun gawayi, shi ne bambancin wucewa sau ɗaya da yin gaba da ribas sau uku ana kankare fenti. Haka a falo tsakanin kujeru, haka a ƙofar banɗaki, haka a layin asibiti da cikin babban kanti. Tasi ta fi Adaidaita zama da gindinta, kowa ya yarda, amma a bakin titi take sauke ka, ka ƙarasa gida da ƙafa, ƙafar da ita ce dalilin sayen keken tun farko.

Akwai kuma wani amfanin mai ƙafa uku da ba a cika faɗa ba. Da yake taya ɗaya ce a tsakiya, gefenta biyu fili ne, dogon mutum ko wanda gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa yana iya miƙe ƙafa. A mai ƙafa huɗu, murfin tayoyin gaba ya cinye wurin, mai tsawo sai ya zauna a takure, kuma mai amosanin gaɓɓai ya san azabar takure gwiwa na rabin awa. Sannan mai ƙafa uku ya ɗan fi sauƙin nauyi, in za a kwance shi gunduwa-gunduwa a zuba a bayan mota.

Yanzu ga abin da yake sa fasinjan Adaidaita salati. Taya uku alwatika suke zanawa a ƙasa, mai faɗi a baya, mai tsini a gaba. Muddin nauyin mutum yana cikin alwatikar nan, lafiya lau. Da zarar an sha kwana, nauyi yana tunkuɗuwa waje ya nufi gaba, daidai kusurwar da babu taya a wurin, babu abin da zai tare shi. Tsohon direba ya san wannan a jikinsa, shi ya sa yake rage wuta tun kafin kwana, ba ya kuma yarda a jibge masa buhuna a ɓari ɗaya. Sabon shiga ne yake kifewa. Wani zai ce ai keken lantarki ba ya gudu, kuma gaskiya ne: a Ingila doka ta tsayar da na gefen titi a kilomita 6 cikin awa, na hawa titi kusan 13. Amma kujerarsa a sama take, shi kuma siriri ne, faɗin ƙaraminsa bai fi rabin mita da 'yan kai ba. Ba sai an yi gudu ba. Dattijo ya fito za shi masallaci, ya zo kan siminti mai gangara da aka ɗora bisa kwata, ya hau shi a karkace maimakon kai tsaye, ga taya ɗaya ta baya a sama ɗaya a ƙasa, sai ya waiga ya amsa gaisuwa ya murɗa sitiyari. Shi ke nan. Ƙananan tayoyin kariya da ake maƙalawa a baya hana wuntsilawa ta baya ne aikinsu in ana hawan tudu, ba su da abin yi in keke ya nufi gefe. Faɗuwar da saurayi zai tashi ya kakkaɓe riga, a wurin mai shekara 75 karayar ƙugu ce, da kwanciyar da ba kowa yake tashi daga ita ba.

Mai ƙafa huɗu yana da taya a kowace kusurwa, don haka ya fi haƙuri da gargada, da gefen kwalbati, da hanyar da ruwan damina ya zaizaye. In taya ɗaya ta faɗa ɗan rami, saura uku suna riƙe da shi. In ta gaban mai ƙafa uku ce ta nutse a yashi, sitiyarin gaba ɗaya ya tafi da ita. Sai dai kada ƙafa huɗu ta ruɗi kowa. Akwai ƙananan masu naɗewa da tayarsu ba ta fi faifai ba, cikinsu kusan yana shafar ƙasa, dokin ƙofa kaɗai ya isa ya tokare su. Irin waɗannan a rairayin Maraɗi ko caɓin unguwa a watan Agusta, ko ƙafa shida gare su turawa za a yi. Girman taya da tazarar cikin keken daga ƙasa suna da muhimmanci daidai da yawan ƙafafun.

Nijeriya ta samu dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu. Wa'adin ya wuce. Inda aka yi gangarar ma, sau da yawa magini ne ya zuba siminti da ido, ta yi tsaye ƙwarai, alhali ƙa'idar da aka saba bi ita ce tsawon mita 12 ga kowace mita ɗaya ta tudu. A irin wannan gangara ba na son ganin tsoho a kan mai ƙafa uku.

Jikin mahayin shi ma yana da tasa magana. Wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki yana zama ne a karkace, nauyinsa ya riga ya rinjaya gefe guda tun kafin a tashi. Haka mai jiri, haka mai jiki sosai, domin ƙananan kekunan da yawa kilo 130 da 'yan kai ne iyakarsu. Waɗannan mai ƙafa huɗu ya dace da su, ko da zai sa a faɗaɗa ƙofa. Wanda kuma hannunsa ba ya riƙe sitiyari, ko ganinsa ya yi rauni ƙwarai, ko ya fara ruɗewa, ba wannan keken ya kamata a saya masa ba sam, kuma likitan gashi ne zai faɗi haka, ba mai shago ba.

Batun batir duka biyun ɗaya ne. Cajinsa yana cin awa 8 ko fiye, zafi yana rage masa kwana, in aka bar shi ba caji ya jima mutuwa yake. Gidan da wuta ba ta zama, a yi lissafin sola tun kafin a biya, a kuma tambayi inda za a samu taya da caja in sun lalace.

Ni dai a ganina, ga yawancin unguwanninmu da ba su da kwalta, inda tafiyar ita ce masallaci, majalisa da gidan makwabta, mai ƙafa huɗu mai manyan tayoyi ya fi, a sare dokin ƙofa a kwashe tarkacen zaure saboda shi. Mai ƙafa uku na wanda rayuwarsa take kan tayil da siminti ne, ofis, makaranta, asibiti, gida mai daɓe, kuma yana da natsuwar rage gudu a kwana. Kafin ka tura ko sisi, ɗauki tef ka auna ƙofar da ta fi kowacce ƙunci a gidan, ka bi hanyar da Baba yake bi zuwa masallaci da ƙafarka kana duban ƙasa, sannan ka kai shi ya hau duka biyun ya juya da kansa.