Toshewar Dubura Ga 'Yan Tsaki: Dalilinta da Maganinta

Duk wanda ya taɓa sayen 'yan tsakin gidan gona ya san cewa makon farko ne ya fi ba da wahala. Daga cikin abubuwan da kan kashe su a wannan mako akwai wata matsala da ba a cika kula da ita ba, wato liƙewar kashi a duburar ɗan tsako. Kashin kan manne wa lallausan gashin da ke wurin, ya bushe, wani ya hau kan wani har ƙofar ta toshe. Kaza kuwa ƙofa ɗaya gare ta, ta nan kashi da fitsari suke fita tare (farin da ake gani a kan kashin kaji shi ne fitsarin). Saboda haka idan ta toshe, ɗan tsako zai daina ci, ya riƙa kuka yana yunƙuri, kuma yana iya mutuwa cikin 'yan kwanaki.

Abin da ya kamata mai karatu ya gane shi ne, sau da yawa wannan ba ciwo ba ne mai zaman kansa. Alama ce ta cewa ɗan tsako ya sha wuya. Da wuya a gan ta ga 'yan tsakin da uwarsu ke yawo da su a tsakar gida, domin ita ce ke daidaita musu ɗumi a ƙarƙashin fukafukanta. Na gidan gona ba su da uwa. Da yawa daga cikinsu a Ibadan ake ƙyanƙyashe su, a zuba su cikin kwali, a yi doguwar tafiya da su a mota zuwa wasu jihohi. Ragowar gwaiduwar ƙwai da ke cikinsu takan riƙe su kimanin kwana 3 ba tare da abinci ba, amma ba ta kare su daga zafin mota da ƙishirwa. Da sun iso kuma sai a sa su kusa da tukunyar gawayi mai zafin gaske, ko a bar su da ƙwan lantarki, a ɗauke wuta cikin dare sanyi ya kama su. Zafi da sanyi duk suna ɓata musu ciki.

Maganin ba ya buƙatar kuɗi, haƙuri yake so. A sami ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, a tsoma auduga ko tsumma mai tsabta, a ɗora a wurin har kashin ya jiƙa ya saki da kansa. Kada a ɓamɓare shi a bushe, domin zai taho da gashi da fata ya bar rauni, sauran kuma su yi ta tsattsagar wurin. Nan akwai kuskuren da sababbin masu kiwo kan yi: cibiyar ɗan tsako tana ƙasa da duburar, wajen ciki, kuma takan yi ɗan ɓawo baƙi a kwanakin farko. Wannan ba kashi ba ne, a bar shi ya faɗi da kansa. Bayan an wanke, sai a tsane shi sarai kafin a mayar da shi cikin 'yan'uwansa, saboda jiƙaƙƙen tsako nan da nan sanyi ke kama shi. Ana iya shafa ɗan basilin a wurin don kada wani kashin ya sake kamawa. A wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Idan aka tsaya nan, gobe ma haka za a tarar. Dole a duba ɗakin. A makon farko ana son ɗumi ya kai digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos daidai inda suke kwanciya, sannan a riƙa rage kimanin digiri 3 kowane mako. Wanda ba shi da ma'auni ya kalli 'yan tsakin: in sun cunkushe a gindin wuta, sanyi suke ji, in sun gudu jikin bango suna haki, zafi ya yi yawa, in sun bazu suna ci suna sha, an dace. Ranar da suka iso, a fara ba su ruwa mai tsabta kafin abinci, a tsoma bakin kowane a ciki don ya gane wurin. Abincin kuma ya zama wanda aka haɗa domin 'yan tsaki, ba dusa ba, ba kuma na manyan kaji ba.

A ganina, saurin zuba maganin ƙwayoyin cuta a ruwansu da wasu ke yi ɓarnar kuɗi ne, tunda ba ya gyara zafin ɗaki. Amma fa akwai lokacin da ciwo ne na gaske. Idan da yawa suna farin zawo, sun saki fukafukai, suna mutuwa kullum duk da an daidaita ɗumi da ruwa, ko aka ga jini a kashinsu, to a ware marasa lafiyar a kira likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba.