Awon Jinin Hanta ga Tsofaffi

Yau maganarmu a kan hanta take, da wata ƴar takarda da ake ba mutum in an auna jininsa a asibiti.

Kowa ya taɓa ganin hantar rago wurin mahauta a kasuwar Badagishiri. Tamu tana wajen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Ita ke tace jini, ta kashe dafin abin da muka ci ko muka sha. Cikinta akwai wasu abubuwa masu taya ta aiki. In ta ji ciwo, sai su tsiyaye cikin jini, kamar yadda tulu mai tsaga ke yoyo. Su ne likita ke aunawa. A takardar za ku ga an rubuta ALAT da ASAT, da lamba a gaban kowanne. Haruffa hurhuɗu ne, ku da kanku kuna iya karanta su yanzu.

Ga mai lafiya, lambar ALAT ba ta cika wuce 40 ba. In ta haura sosai, hanta tana cikin wahala. A ƙasarmu, babban mai kawo haka shi ne ƙwayar ciwon hanta mai harafin B. Mutane da yawa sun ɗauke ta tun suna goye, tana cin su shekara da shekaru ba su sani ba. Sai a 2008 aka fara yi wa jarirai allurar rigakafinta a Nijar. Kun ga dattawanmu ba su samu ba. Gyaɗa da masara masu funfuna su ma suna ɓata hanta. Haka giya, da yawan shan ƙwayoyin ƴan talla, da jiƙe-jiƙen da ba su da ma'auni.

To, ku ƙara kasa kunne nan. Ga tsoho, lamba ƙarama ƙwarai ita ma ba albishir ba ce. A 2006 wasu likitoci a birnin Ƙudus sun bayyana bincikensu. Sun auna jinin tsofaffi ƴan shekara 70, suka bi labarinsu har shekara 12. Cikin maza, waɗanda lambarsu ta gaza 13 sun fi rasuwa a wannan tsakani.

Ba ƙarancin lambar ke kisa ba. Alama ce ta jikin da ya rame, tsoka ta zube, ƙarfi ya tafi. Kun san irin tsohon nan: ya bar zuwa gona, ba ya tashi daga tabarma sai an kama shi, fura kaɗai yake kurɓa. Mukan ce tsufa ne. A ganina, sau da yawa har da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ku ba shi wake, da ƙwai, da nono, da ɗan nama in da hali. Ya riƙa takawa ko da zuwa masallaci ne.

Ajali yana hannun Allah, lamba ba ta faɗin ranar kowa. Kada kuma ku yanke hukunci ku kaɗai, ku bar likita ya yi bayani. Kada ku jira sai idon baba ya yi rawaya da shawara, ko cikin inna ya kumbura. Manyan asibitoci kamar na Galmi da na Tawa suna yin wannan awo. In za ku je, ku riƙe duk magungunan da tsohon ke sha, har da na gargajiya. Takardar kuma ku ajiye ta cikin leda, don likita ya gwada ta da ta baɗi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.