Hutun uwar gida

 Yau zancenmu a kan uwar gida ne.

Wa ke fara tashi a gida? Ita ce. Tun asuba ta hura wuta, ta tafi rijiya. Ta dawo ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi dakan fura da goyo a baya. Da damina ta kai ma maigida fura gona, kana ta leƙa gamanarta. Da dare kowa ya ci tuwo ya kwanta, ita tana wanke-wanke.

A al'adarmu lokaci guda ne ake ce ma mace ta zauna ta huta, watau kwana 40 na jego. Ana dafa mata ruwa, ana ba ta kunu da nama, wata tana yi mata daka. Kakanninmu sun yi hikima a nan. Amma ran da aka yi arba'in, hutu ya ƙare. Sai wata haihuwa.

Jiki kuwa ba ya jira har wata haihuwa. Ke ƴar uwa, in kina jin jiri a bakin turmi, ko zuciyarki na bugawa don kin ɗauki tulu guda, kada ki ce lalaci ne. Ki dubi tafin hannunki. Ki ja fatar idonki ta ƙasa a gaban madubi. In wurin ya yi fari, wataƙila jininki ne ya ragu. Ki tafi likita, akwai ƙwayoyin ƙarin jini. Ki ci wake, da zogale, da hanta ran da aka samu. Kuma ki ɗebi rabonki tun tuwo na tukunya, kada ki jira abin da yara suka rage. Ma'aikatan lafiya sun ce bayan haihuwa a bar ma jiki wata 24 kafin wani ciki.

To, ina za a samo lokacin hutu? Ba ya faɗowa daga sama. Sai an sauke ma mace wani aiki. Inda akwai injin niƙa, a kai hatsi can ko da sau biyu a mako. Maƙwabta biyu suna iya karɓa-karɓa: yau yarana a gidanki, gobe naki a gidana. In jinjiri ya yi barcin rana, ke ma ki miƙe a tabarma. Shara ba ta gudu.

A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mata na haɗuwa mako-mako su zuba kuɗi a asusu. Kowa na yabon kuɗin. Ni kuwa har zaman nake yabo. Mace ta yi wanka, ta yi kitso, ta zauna a inuwa da ƴan uwanta, ta faɗi abin da ke damunta.

Kai maigida, kada ka ce hirar mata ce. Kana da amalanke, ɗebo ruwa da itace ba ya rage maka girma. A 2008 aka buɗe makarantun mazaje a jihar Damagaram, inda maza ke zama suna shawara kan lafiyar matansu. Ran kasuwa, in ka sayi goro, ka cire kuɗin niƙa ka miƙa mata.